Wasan Ƙarshe a Bisa Bene

Duk wanda ya tashi a gabashin ƙasar Sakkwato, ko a Dinawa, ko Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, ba sai an koya masa yadda ƙungiyar makaɗa ta ke ba. Ya sha gani a ƙofar hakimi ran Salla, ya sha ji a rediyo. Mutum ɗaya ne a gaba, shi ne mai waƙa, shi ne kuma mai suna. A bayansa akwai 'yan amshi masu riƙe masa gindin waƙa, in ya ɗauko magana su karɓe su ƙarasa masa. Ga masu kotso, ko taushi, ko kalangu, ga kuma sanƙira yana ta kirari. In an yi kyauta hannun shugaba ta kan faɗa, shi ya kan raba. In an zo ba da labari sai a ce Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙa, Jankiɗi ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar, Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna ɗan Rabah. To, mai karatu, tambayi kanka: cikin mutanen da suka yi wa Narambaɗa amshi, nawa ka sani da sunansu? Alhali kuwa da za a zare muryoyinsu daga faifan, da rabin daɗin ya tafi.

Na fara da wannan ne domin ina so mu duba wata ƙungiya ta ƙasar Turawa wadda aka gina ta bisa wani tsari dabam, mu ga yadda ta yi wasanta na ƙarshe, mu kuma auna wasan da irin kunnen da mu ke da shi a nan gida.

Sunan ƙungiyar Beatles. Samari huɗu ne 'yan Liverpool, wani birnin bakin teku a Ingila, inda jiragen ruwan da suka taso daga Ikko su kan tsaya a zamanin mulkin Turawa. Akwai John Lennon da George Harrison, masu kaɗa gita, watau wani irin molo mai tsirkiya shida wanda a ke haɗa shi da lantarki. Akwai Paul McCartney mai kaɗa babbar gita mai kaurin murya, sai Ringo Starr mai ganguna. Irin kiɗansu shi a ke kira rok, kiɗan samari ne mai ƙarfi wanda ya samo asali daga kiɗe-kiɗen baƙar fatar Amurka. Abin da ya bambanta su da makaɗanmu shi ne ba su da sarkin kiɗa. Lennon ya kan ja waƙa McCartney ya yi masa amshi, waƙa ta gaba kuma sai su juya, mai amshi ya koma gaba, na gaba ya koma baya. Su ke tsara waƙoƙinsu da kansu, su ke kaɗawa, su ke rerawa. Kuma duniya ta san sunan kowane ɗaya daga cikinsu, har mai gangunan.

Ba dare ɗaya suka ƙware ba. Daga 1960 sun yi ta zuwa Hamburg ta ƙasar Jamus, suna kiɗa a ƙananan gidajen rawa sa'o'i da yawa kowane dare, don kuɗi kaɗan. A can kunnuwansu suka saba da juna, har ya zamana in ɗaya ya ja numfashi sauran sun san inda za shi. Ringo ya shigo cikinsu a 1962, a shekarar ne kuma faifansu na fari ya fito. Kafin shekara biyu sun cika duniya. A Fabrairun 1964 da suka fito a telebijin a Amurka, an ƙiyasta mutum miliyan 73 suka kalle su.

Amma Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Taron ya yi ta girma har ya fi ƙarfin kiɗan. A watan Agusta na 1965 sun yi wasa a wani filin ƙwallo a New York gaban mutum 55,600. 'Yan mata suka yi ta ihu tun daga farko har ƙarshe, akwatunan ƙara murya na wancan zamani kuwa ba su da ƙarfin da za su rinjayi wannan ihu. Masu kallo ba su ji waƙa ba, makaɗan ma ba su ji junansu ba. Ringo ya faɗa daga baya cewa motsin jikin 'yan'uwansa ya kan duba daga baya don ya gane inda waƙa ta kai. Ka ƙaddara ɗan amshi ne a ƙofar fada, an toshe masa kunne, an ce ya karɓi waƙa ta wurin kallon ƙeyar maigidansa. Yaya amshin zai kasance? Haka kiɗansu ya yi ta lalacewa a gaban jama'a, kuɗi kuwa suna ta shigowa, ba kuma wanda ya lura sai su.

A 1966 wahala ta ƙaru. A Manila aka wulakanta su don ba su amsa gayyatar matar shugaban ƙasa ba. A Amurka aka ƙona faya-fayansu saboda wata magana da Lennon ya yi wadda ta ɓata wa Kiristoci rai. Ran 29 ga Agusta suka yi wasa a San Francisco gaban mutum wajen 25,000, a kan wani dandamali da aka kewaye da waya, waƙa 11 cikin kamar rabin sa'a, sa'an nan aka fitar da su cikin mota mai sulke. Wannan shi ne wasansu na ƙarshe wanda aka biya kuɗi aka shiga. Waɗansu marubuta su kan ce nan ne bankwanansu. Ni ban yarda ba. Mutanen da ba su ji junansu ba, ba za a ce sun yi kiɗa tare ba, sai dai a ce sun tsaya wuri ɗaya.

Daga nan suka shige ɗakin ɗaukar murya, suka shekara biyu da 'yan watanni suna yin faifai kaɗai. A nan suka yi ayyukan da aka fi yabonsu da su. Amma aikin ɗaki yana da wata illa. Na'ura ta kan ba mutum dama ya ɗauki ganga yau, gita gobe, murya jibi, a haɗa su daga baya, har a gama waƙa ba tare da mutum huɗun sun zauna tare ba. Ga shi kuma a Agustan 1967 Brian Epstein ya mutu, mutumin da ke riƙe da harkokinsu, wanda su duka su ke jin maganarsa. McCartney ya yi ƙoƙari ya riƙe ragama don kada abin ya watse, sauran kuwa suka ga kamar yana neman naɗa kansa sarautar da ba wanda ya ba shi.

Shi ne ya matsa a koma wa tsohon hali: a tsara sababbin waƙoƙi, a kaɗa su gaba ɗaya ba gyare-gyaren na'ura, a yi wasa gaban mutane, a ɗauki kome a fim. Suka fara gwaji ran 2 ga Janairu 1969 a wani ƙaton ɗakin shirya fim mai sanyi. Ran 10 ga wata Harrison ya ajiye gitarsa ya tafi gida, ya ce ya fita. Da kyar aka lallashe shi ya dawo, bisa sharaɗin a bar wannan wuri a koma gidan kamfaninsu, a kuma bar zancen babban taro. Da ma an yi ta shawarar inda za a yi wasan, har an ambaci wani tsohon dandalin Rumawa a bakin teku a Libiya, kusa da Tarabulus, can inda fataken Kano su kan kai fata a da. An ambaci jirgin ruwa. Kowa ya kawo tasa, wani ya ƙi. A ƙarshe, bayan duk wannan dogon buri, matakala kawai suka hau zuwa rufin gidan da su ke ciki.

Gidan bene ne mai hawa biyar, lamba 3 a titin Savile Row a tsakiyar Landan, titin da ya yi suna saboda madinka kwat. Ranar Alhamis ce, 30 ga Janairu 1969, da tsakar rana lokacin da ma'aikata su kan fito cin abinci. Ba a yi shela ba, ba a sayar da tikiti ba. Sanyi a ke yi da iska, irin wanda mai ban ruwan albasa a fadamar Rima ya sani da asubar hunturu, har ma ya fi, gama can ba rana mai gasa mutum in hantsi ya yi. Lennon ya ari rigar gashi ta Yoko Ono ya sa, Ringo ya sa jar rigar ruwa ta matarsa. Aka sa safar mata aka rufe bakin na'urorin ɗaukar murya don kada iska ta ɓata sauti. Tare da su akwai mutum na biyar, Billy Preston, baƙar fata ɗan Amurka, mai kaɗa fiyano na lantarki, wanda suka sani tun 1962. Babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu duka.

Minti 42 suka yi. Waƙa biyar ce kawai, amma sun maimaita waɗansu, har ya zama kiɗa tara. Yau kowa yana iya ganin wasan dukansa, gama a 2021 Peter Jackson ya fitar da dogon fim na kusan sa'a takwas daga hotunan da aka ɗauka a wancan wata, ya sa wasan bene daga farko har ƙarshe. Gani ya kori ji.

Abu na farko da mai kallo zai lura da shi shi ne jama'a ba sa gabansu. Mutane suna can ƙasa a titi, suna ɗaga kai, suna jin kiɗa ba su ga masu yi ba. Kaɗan ne suka hau rufin maƙwabta ko suka leƙo ta taga. Saboda haka babu ihu. Rabonsu da irin wannan tun kafin su yi suna: su tsaya a fili, kowa yana jin kowa. Ka dubi idanunsu a fim ɗin. Ba titi su ke kallo ba, juna su ke kallo. Makonni uku kafin wannan rana suna zaune kamar kishiyoyi, kowa ya ɗaure fuska. Amma da Ringo ya buga ganga, sai jikinsu ya tuna abin da zukatansu suka manta.

A ganina waƙar da ta fi nuna wannan ita ce I've Got a Feeling. Asalinta waƙoƙi biyu ne da ba a gama ba, ɗaya ta McCartney, ɗaya ta Lennon, aka ɗinke su wuri guda. McCartney ya fara da tasa, da murya mai ƙarfi kamar mai kiran wani daga hayin gulbi. Lennon ya shigo da tasa a sanyaye, kamar mai ba da labarin wahalar shekara. A ƙarshe sai su biyu suka rera nasu a lokaci ɗaya, kowa da kalmominsa, kowa da karinsa, ba wanda ya danne wani. Mai kunnen kotso zai gane wannan nan da nan, gama ya san yadda 'yan amshin Narambaɗa su kan tari magana tun ba ta fita bakinsa duka ba. Bambancin shi ne a nan ba ka iya nuna wanda ke ja da wanda ke karɓa. Wannan shi ne iyakar abin da tsarinsu zai iya bayarwa, kuma ban san wani wuri da suka nuna shi a fili kamar nan ba.

Sai One After 909, waƙar jirgin ƙasa wadda suka tsara tun suna yara 'yan makaranta, suka ɗauke ta a 1963 ba su fitar ba, suka jingine. Waƙa ce mai sauƙi, ba wata hikima mai zurfi a cikinta. Amma ita suka kaɗa da sakin jiki fiye da kowace, suna dariya, Harrison yana ta yi mata ado da gita. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Kuskure fa akwai shi, kada a ce na ɓoye. A Don't Let Me Down Lennon ya manta kalmomin wani ɗa, ya yi ta surutai marasa ma'ana har ya kamo hanya. A Dig a Pony sai da wani yaronsu ya durƙusa gabansa riƙe da takardar waƙar yana karantawa, kuma sai da aka sake farawa don Ringo bai shirya ba. Yatsunsu sun ƙage don sanyi. Da makaɗin fada ne ya manta sunan kakan sarki a tsakiyar waƙa, da ya sha kunya. Amma dubi abin da ya faru sa'ad da Lennon ya ɓata: ganga ba ta girgiza ba, babbar gita ba ta tsaya ba, McCartney ya dube shi suka yi murmushi, suka shiga gindin waƙar tare kamar ba abin da ya auku. Ƙungiyar da ba ta taɓa kuskure a gabanka ba, ba ka san ƙarfinta ba tukuna.

To, ga inda na ke rabuwa da masu yabon wannan wasa ba iyaka. Na ɗaya, ba waƙoƙinsu mafiya kyau suka kaɗa ba. Wanda bai san su ba, in wannan kaɗai ya ji, zai yi mamakin abin da ya sa duniya ta haukace a kansu. Na biyu, a kan ce kyauta ce suka yi wa mutanen Landan. Ba haka ba ne ƙwarai. Fim su ke nema su ƙare, an kafa na'urorin ɗaukar hoto a rufi da titi, har an ɓoye ɗaya a zauren gidan don a ɗauki shigowar 'yan sanda. Mai kantin da ya kai ƙara don an hana shi ciniki, bai yi laifi ba, ko da ya ke fim ɗin ya sa a yi masa dariya.

Na uku shi ne mafi nauyi. Cikin waƙoƙin nan biyar babu ta Harrison ko ɗaya. Ga shi kuwa a lokacin yana da waƙoƙi jibge waɗanda ya kawo wurin gwaji ba a ba su kulawar da ta kamata ba, kuma kafin shekarar ta ƙare ya fitar da Something, wadda ta shiga sahun waƙoƙinsu mafiya daraja. A bisa benen nan yana tsaye a gefe, yana yi wa waƙoƙin manyansa ado, bai ja ko ɗaya ba. Ashe ƙungiyar da aka ce ba ta da sarki tana da sarakuna biyu da talakawa biyu, sai dai ba a faɗa. A wurinmu an faɗa, kowa ya san matsayinsa, akwai kuma hanyar hawa. Musa Ɗanƙwairo ya daɗe yana daudun kiɗi a bayan wansa Kurna kafin ya ja tasa ƙungiya, da ya rasu a 1991 kuma 'ya'yansa suka ci gaba da kotso. Tsarinmu yana danne sunan ɗan amshi, wannan aibi ne, amma yana sa gidan kiɗa ya fi mutum tsawon rai. Nasu tsarin ya ba kowa suna, amma bai tanadi abin da za a yi ba ran da ƙarami ya girma, ko ran da manya biyu suka so hanya biyu. Ba daudu, ba magaji, ba wanda zai raba gardama. In ɗaya ya fita, gidan ya rushe.

Duk da haka a hannun Harrison abin da ya fi burge ni a ranar ya fito. 'Yan sanda suka iso, gama ofishinsu yana kan titin nan. Aka yi ta ja musu rai a zaure, daga bisani suka hau rufin suka tsaya a bayan makaɗa. Ana cikin Get Back karo na uku, sai Mal Evans, mai kula da kayansu, ya kashe akwatin muryar gitar Lennon da ta Harrison don ya kwantar da hankalin hukuma. Kiɗa ya rage saura ganga da babbar gita da fiyano. Harrison, mutumin da ya yi yaji kwana 20 da suka wuce, wanda tun farko ba ya son hawa rufin, shi ya juya ya kunna nasa akwatin da hannunsa. Aka kunna na Lennon, suka kai waƙar ƙarshenta. Da suka gama, Lennon ya matso ya yi godiya a madadin ƙungiya, ya yi ba'a cewa yana fatan sun ci jarrabawar ɗaukar aiki. Aka yi dariya, suka sauka.

Ba wanda ya ce bankwana, gama ba su san bankwana ba ne. Sun sake shiga ɗakin ɗaukar murya suka yi faifan Abbey Road, ran 20 ga Agusta 1969 ita ce rana ta ƙarshe da su huɗu suka haɗu a can. A Satumba Lennon ya gaya musu a asirce ya fita. A Afrilun 1970 McCartney ya bayyana wa duniya, a ƙarshen shekarar kuma ya kai sauran kotu don a raba dukiya. An harbe Lennon a New York a Disamban 1980, Harrison ya rasu a 2001. Uku daga cikin kiɗan da aka ɗauka a bisa bene su ne aka sa a faifan Let It Be na 1970, da iskarsu da sanyinsu.

Saura Billy Preston, wanda ya zauna a gefe kusa da ƙofa, har mai ɗaukar hoto ba ya cika juyawa wajensa. Shi ne ɗan amshi na gaskiya a wannan rana. Tun ran da ya shigo gwaji faɗa ya ragu, gama mutane su kan ji kunyar baƙo, kuma fiyanonsa ya cike ramukan da ke cikin waƙoƙin. Duk wanda ya saurari Get Back da kyau zai ji wurin da aka sakar masa fili shi kaɗai, ya kuwa ji yadda waƙar ta miƙe tsaye a wurin. A cikin fim ɗin Jackson an ji Lennon yana shawarar a ɗauke shi ya zama na biyar, McCartney ya amsa da cewa huɗun ma ya aka ƙare da su. Ba a ɗauke shi ba. Amma a Afrilun 1969, da ƙaramin faifan Get Back ya fito, wanda aka ɗauka a ɗakin ƙasa na gidan nan kwana uku kafin hawa bene, an buga sunan Billy Preston a jikinsa daura da nasu.